Rangwamen kuɗin mota: wa ke biyan kujerar da aka ba da kyauta?

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuɗin mota kuma ya bi sahu. Gwamnatoci suka shiga neman yadda za su sauƙaƙa wa jama'a. A Jihar Neja, Gwamna Mohammed Umaru Bago ya bayyana shirin sayen motocin bas 200 masu aiki da iskar gas, tare da ɗaukar ɗalibai kyauta. Gwamnatin Tarayya ita ma ta rage rabin kuɗin manyan motocin safa a lokacin bukukuwan ƙarshen shekarar 2023.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa shi ne inda kuɗin rangwamen ke fitowa. A ɗauki misalin mota mai kujeru 18 da ke zirga-zirga tsakanin Paiko da Minna. A ce kowane sawu yana cin naira 18,000, idan aka haɗa mai, gyara, taya, kuɗin tasha, haƙƙin direba da yaron mota, da ribar mai ita. Kowane fasinja zai biya naira 1,000. Idan aka ware kujeru uku kyauta, ba wanda ya biya su, sauran mutum 15 ne za su ɗauki nauyin, kowa naira 1,200. An yi ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan ba tare da an taɓa farashin mai ba, kuma mai kai doya daga kasuwar Paiko zai ɗora wannan ƙari a kan kayansa.

Sai dai lissafin yana canzawa da lokaci. Kujerar da dama za ta tafi babu kowa da tsakar rana, ba ta jawo wa mai mota asarar kirki idan aka ba da ita. Matsalar tana ga safiya, domin lokacin da ɗalibi ke sauri zuwa makaranta shi ne lokacin da ma'aikaci da ɗan kasuwa ke neman wuri. Ingila ta lura da haka: tun daga watan Afrilu na 2008 tsofaffi da naƙasassu ke hawa bas kyauta a duk faɗin ƙasar, amma ban da lokacin cunkoson safiya a ranakun aiki, kuma ƙananan hukumomi ke biyan kamfanonin bisa ƙa'idar kada su ci riba, kada su yi asara. Ko a can, hukumomin sun sha kukan cewa kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba su ba ya isa.

Jinkirin biya ma asara ne. Kamfanin da ke bin gwamnati bashin wata shida, a lokacin hauhawar farashi, ko dai ya ƙara wa masu biya, ko ya jingine gyara. Yawancin motocin da aka raba wa jihohi ƙarƙashin shirin sufurin jama'a na 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ba su yi ƙarko ba, saboda kuɗin da ake karɓa bai kai na kayan gyara ba.

Akwai kuma direbobin haya masu zaman kansu. Idan motar gwamnati ta kwashe musu fasinja, tasu takan daɗe a tasha kafin ta cika, wanda ya ƙosa kuwa sai ya biya kuɗin kujerun da suka rage kafin a tashi.