Wa Ke Da Ikon Hana Toshe Hanyar Ruwa?

Wani mai sauraronmu daga Ƙofar Gayan, birnin Zariya, yana tambaya: wa zai hana manomi toshe hanyar ruwa a fadamar da jama'a ke nomawa tare?

To malam, a al'adance mai unguwa ake fara kai wa ƙara, shi da sarkin noma su taka wurin su gani. In ta gagara, sai dagaci, sannan hakimi. Dokar filaye ta 1978 kuwa ta bai wa ƙaramar hukuma ikon filayen karkara, na birni suna hannun gwamna.

Amma kada ku jira Agusta, lokacin da kogunan Kubanni da Galma ke tumbatsa. Ku yi gayya tun bazara ku yashe magudanai. Kududdufan cikin ganuwa kuma, don Allah a daina cike su ana gini, su ke riƙe ruwan da zai cinye gonakinku.