Turakun wutar lantarki: aiki da ado

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Doso zuwa Yamai, ko daga Maraɗi zuwa Damagaram, ya ga dogayen turakun ƙarfe jere cikin daji, ɗauke da wayoyi. Wasu na ce musu poto. Su ne ke kai wutar lantarki, wato kuran, daga nesa zuwa birane. Layin da ya taso daga Birnin Kabi zuwa Yamai, tun 1976 yake aiki. Yaron da aka haifa a wannan shekara, yau ya fara furfura. Turakun kuwa suna nan tsaye.

To, abin da zai daɗe haka gaban idon jama'a, ashe bai kamata a kula da kyansa ba? A wasu ƙasashe an yi wannan tambaya. Bari mu ga amsar da suka samu.

Me ya sa turken yake da tsawo?

Wutar da ke shiga gida, ƙarfinta bolt 220 ne. Wadda ke bin layin Birnin Kabi kuwa, bolt dubu 132 ce. A Turai akwai mai bolt dubu 400. Irin wannan wuta, ba sai an taɓa waya ba. In mutum ya matso kusa, tana iya tsallakowa ta kama shi. Kuma in rana ta yi zafi, waya takan saki ta yi ƙasa. Shi ya sa ake ɗaga ta sama sosai, nesa da mutane da dabbobi da itatuwa.

Yawancin turakun da muka sani, da ƙananan sandunan ƙarfe ake haɗa su, kamar saƙar raga. Iska na ratsa su, ba ta tura su. Ana kai su daji guntu-guntu, a ɗaure a can. Ba su da tsada ƙwarai. Amma fa suna cin wuri, don ƙafa huɗu gare su, kowace da nata gindin siminti.

Turke mai kama da harafin T

A Birtaniya, an fara kafa irin waɗannan turaku a 1928. Tun a lokacin wasu suka yi ta ƙorafi, suna cewa ƙarafan sun ɓata musu kyan karkara. Shekara fiye da 80 ana tafiya a haka.

A 2011 aka shirya gasa. Aka ce masu zanen gini su kawo sabon fasali. Zane wajen 250 aka kawo. Wani kamfani na ƙasar Danmak, mai suna Bystrup, shi ya ci.

Kun san harafin T. Ku rubuta shi babba a kan allo. To, haka turken yake: ƙafa ɗaya a tsaye, da hannu biyu a miƙe. A ƙarshen kowane hannu an rataya wani abu mai kusurwa huɗu, kamar ɗan kunne. Shi ke riƙe wayoyi.

Tsawonsa metir 35 ne. Tsohon turke mai ɗaukar wuta iri ɗaya yana kai wajen metir 50. Don ku gane, hasumiyar masallacin Agadas metir 27 ce. Ke nan sabon turken ma ya fi ta tsawo, amma bai kai tsohon ba.

Daga cin gasa zuwa kafa na farko, sai da aka yi shekara 10. A 2021 aka fara kafa su a yankin Samaset, kudu maso yammacin Ingila. Guda 116 aka kafa, a kan layi mai kilometir 57. A tsakiyar hanya akwai tuddan Mendip, wurin da hukuma ke karewa saboda kyansa. A nan ba a kafa turke ba ko ɗaya. An bizne wayoyin cikin ƙasa, tsawon kilometir 8 da rabi.

Kowa ya ji daɗi?

A'a. Wasu sun yaba. Sun ce turken gajere ne, kuma ƙafa ɗaya ba ta cin gona kamar ƙafa huɗu. Wasu kuwa sun ce tsohon ya fi musu. Dalilinsu: tsohon, ido na ratsa shi, kana hangen sama da itatuwa ta cikinsa. Sabon kuwa ƙarfe ne dunƙule, daga nesa ana ganinsa.

Ga kuma batun aiki. Guntayen sabon turke manya ne, masu nauyi. Sai da babbar mota, sai da injin ɗaga kaya. Dole a yi musu hanya cikin gonaki har gindin kowane turke. Duk wannan kuɗi ne. Bizne waya kuwa ya fi duka tsada, ninkin ba ninkin. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin nan kuma, a ƙarshe, masu biyan kuɗin wuta ne ke ɗaukarsa.

Ƙattan Aisilan

Mutanen Ingila sun nemi turken da ba zai cika ido ba. Wasu kuwa cewa suka yi: tunda ba ya ɓoyuwa, a mai da shi abin kallo.

Aisilan tsibiri ne can arewacin Turai, ƙasar duwatsu da ƙanƙara. A 2008 kamfanin layukan wuta na ƙasar, Landsnet, ya shirya tasa gasar. Wasu masu zane biyu da ke zaune a Amurka, Jin Choi da Thomas Shine, suka zana turaku masu siffar mutane, maza da mata, riƙe da wayoyi a hannu. In layi zai hau tudu, sai mutumin ƙarfe ya yi kamar yana hawa. In ya zo kusa da gari, sai ya sunkuyar da kai. Hoton ya zagaya duniya, har ya samu kyauta a 2010. Amma ba a gina su ba, sun tsaya a takarda.

A Amurka kuwa, jihar Fulorida, an kafa wani turke a 1996 mai kama da kan Mickey Mouse, ɓeran nan na majigin yara: da'ira babba, da kunnuwa biyu. Guda ɗaya ne tak, kusa da wurin wasan Disney. A can ya dace. Amma ku duba: a jera irinsa 100 cikin gonakin gero, wa zai so?

Abin da za mu koya

Mu ma mun san wannan magana. A unguwar Birni ta Damagaram, magina na yi wa fuskar gida zane, su ɗora zankaye a sama. Amma magini na ƙwarai, sai ya tabbata bango zai jure damina kafin ya yi masa ado. Kuma adon da ya dace da gidan sarki, ba shi ya dace da rumbu ba.

Haka turken wuta yake. Abu uku ake dubawa tare: ƙarfi, kuɗi, da kyau. Na huɗu shi ne shawara. A Samaset, shekaru aka yi ana tattaunawa da mutanen ƙauyuka kafin a yarda da hanyar layin. Ba kowa ya samu yadda yake so ba, amma an ji ta bakinsu.

Garuruwanmu da yawa na jiran wuta har yanzu. Ran da masu awo suka zo da turakunsu, mu yi murna, amma mu yi tambaya. Ta ina layin zai bi? Gonar wa zai taɓa, kuma mene ne diyyarsa? Gawo da kuka nawa za a sare? Ba za a iya kauce wa maƙabarta da bakin tafki ba? Ba sai ka zama injiniya ba kafin ka faɗi ra'ayinka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Masu awo za su tafi, mu da jikokinmu ne za mu zauna da turakun.

Sababbin kalmomi

Bolt: ma'aunin ƙarfin wutar lantarki.
Gasa: takara don a ga wanda ya fi.
Fasali: siffa ko tsarin abu.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ɗaga wayoyin wuta sama sosai?
2. Da wane harafi sabon turken Ingila yake kama? Metir nawa ne tsawonsa?
3. Me ya sa wasu suka fi son tsohon turke?
4. In layin wuta zai bi ta garinku, wace tambaya za ku fara yi?