Direba, kula da jijiyoyin ƙafarka

Direbobin Mararaban Rido masu zuwa Kachia da Kafanchan, da iyayenmu mata masu wuni tsaye a bakin titi suna ciniki, ku saurara. Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafa, amma hawowarsa sai da taimakon sharaɓa. Kowane taku yana matse jijiyoyin, wasu ƙananan ƙofofi a cikinsu kuma suna hana jinin komawa ƙasa. In an daɗe ba motsi, jini ya taru, wani lokaci har ya daskare.

Ku riƙa ɗan takawa, da dare ku ɗora ƙafafu kan matashi. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, don Allah kada a murza ta. A tafi asibiti a ranar, domin gudan jinin na iya wucewa huhu.