DARASI: SHIN ITATUWA NA MAGANA DA JUNANSU?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, ɗalibai sun sha tambayarmu game da zancen da ke yawo cewa itatuwa na aika wa juna saƙo. Za mu kasa amsar kashi uku, domin kada tabbas ya cuɗe da zato, kada kuma zato ya cuɗe da camfi.

Na farko: abin da bincike ya nuna

A shekara ta 1983, masana biyu a Amurka, Ian Baldwin da Jack Schultz, sun sanya ƴan itatuwa cikin wani akwati rufaffe, suka yayyage ganyen wasu, suka bar sauran. Kafin kwana uku, waɗanda aka raunana suka ƙara bauri a ganyensu, irin baurin da majema ke nema cikin bagaruwa, wanda ke rage wa tsutsa sha'awar ci. Abin mamaki, maƙwabtansu da ba a taɓa ba su ma suka ƙara. Ke nan wani ƙamshi ya fita daga mai rauni, iska ta kai shi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan tsirrai iri-iri sun ƙarfafa wannan.

Sa'an nan a 1997, Suzanne Simard ta nuna a dazuzzukan Kanada cewa abinci na ratsawa tsakanin itatuwa iri biyu daban, ta kuma danganta haka ga wasu zaruruwa sirara, dangin naman kaza, masu manne wa saiwoyi a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan marubuta suka faɗaɗa zance, har suka ce babban itace uwa ce mai shayar da ƴaƴanta. Amma a 2023 Justine Karst da abokan aikinta biyu suka sake duba binciken da aka tara, suka ce wannan zance ya zarce hujjarsa. To, mu riƙe wannan: saƙon iska ya tabbata, batun shayarwa kuwa masana sun yi saɓani a kansa.

Na biyu: abin da nassi ya zo da shi

Suratul Isra'i, aya ta 44, ta sanar da mu cewa kowane abu na yi wa Allah tasbihi, mu ne dai ba mu fahimta. Suratur Rahman, aya ta 6, ta ambaci sujadar itatuwa. Buhari kuma ya ruwaito daga Jabir cewa kututturen dabinon da Annabi (SAW) ke jingina da shi lokacin huɗuba ya yi kuka ranar da aka koma kan mumbari, har sai da ya sauko ya rungume shi. Wannan mu'ujiza ce, mun yi imani da ita. Sai dai kada mu ce ƙamshin ganye shi ne tafsirin tasbihi. Binciken ɗan Adam na iya canzawa gobe, aya kuwa ba ta canzawa.

Na uku: abin da al'ada ta ƙago

Tun muna yara muke jin cewa iskoki na zaune cikin kuka da tsamiya, har wasu na kai musu yanka. Wannan ba shi da tushe. A kan hanyar Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi a ware musu itacen rataya makamai don neman albarka, kamar Zatu Anwaɗ na mushirikai. Annabi (SAW) ya kamanta roƙonsu da na Bani Isra'ila lokacin da suka nemi Annabi Musa ya sanya musu abin bauta. Tirmizi ya ruwaito shi. Itace bawan Allah ne, ba ya ba da haihuwa, ba ya hana ta.

Amfanin darasi

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya shafe mu mu ma. A jihar Maraɗi, a 1983, Tony Rinaudo ya lura cewa ƴan tsirran da ake sharewa a gonaki tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai. Manoma suka riƙa barin reshe mafi ƙarfi suna datse sauran, abin da muke kira sassaben zamani. An ƙiyasta a 2009 cewa gonakin da itatuwa suka koma cikinsu a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Duk wanda ya ga hatsin gindin gawo ya san ribar.

Saboda haka, idan lokacin sharar gona ya zo, kada mu sa wa kututturen kalgo ko sabara wuta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.