Inabin Pinot Noir da Matsalar Fassara Kalmar Terroir Zuwa Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki inabin pinot noir na yankin Burgandi a Faransa a matsayin misali domin duba yadda yanayin wuri ke shiga ɗanɗanon amfanin gona. Ta kuma nuna cewa tunanin da Faransawa ke kira terroir daɗaɗɗe ne a harshen kasuwar Bahaushe, sannan ta kawo shawarar kalmar da za ta wakilce shi.

1.0 Gabatarwa

Mai fassara rubutun aikin gona yakan ci karo da kalmomin da ƙamus bai tanada ba. Terroir na cikinsu, domin ta tattara ƙasa da iska da ruwa da rana da hannun manomi a ma'ana guda. Galibin pinot noir giya ake matsa da shi, abin da Musulunci ya haramta, don haka nazarin ya tsaya ga ɗan itacen da yadda ake danganta shi da mahaifarsa.

2.0 Inabin da Yankinsa

Pinot noir baƙin inabi ne mai siririyar fata, 'ya'yansa a cunkushe cikin nono guda, ga saurin nuna. Zafi mai yawa kan sa ya nuna da gaggawa, zaƙi ya rinjayi tsami, ƙamshi ya dushe. A wuri mai sanyi kuwa yakan nuna sannu a hankali, tsaminsa ya tsaya, ƙamshin ya samu lokacin taruwa. Wannan ne ya sa ya karɓi Burgandi, wadda ke wajen digiri 47 arewa da tsakiyar duniya, alhali Kano na wajen digiri 12.

Gonakin suna jere a gangaren tuddai masu farar ƙasa daga birnin Dijon zuwa kudu. Tun a 1395 sarkin yankin, Philippe le Hardi, ya hana dasa irin gamay domin kare martabar pinot. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya gonakin cikin kayan tarihin duniya, gonaki 1,247, kowace da sunanta da iyakarta. Ko da iri ɗaya ne, gona biyu masu maƙwabtaka kan ba da ɗanɗano daban, farashi ma ya bambanta.

3.0 Yadda Bahaushe Ke Danganta Amfani da Wuri

Hausa na da hanya biyu. Ta farko ita ce harafin mallaka, kamar goron Gwanja da gishirin Bilma da albasar Galmi. Ta biyu ita ce ɗan ko 'yar, kamar shinkafa 'yar Hausa. A bakin masu tallar kayan marmari na Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da dillalan Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa, sunan gari shaida ne na inganci, kuma da shi ake ciniki. Inabin da ake nomawa a Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna ma ya fara samun irin wannan suna.

Batun ya wuce na harshe kaɗai. Albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu rajistar alamar asali a hukumar OAPI, wato doka ta keɓe sunan ga masu shi. Manomin da ba a bayyana masa wannan tsari da harshensa ba, da wuya ya nemi kariyarsa.

4.0 Shawarar Kalma

“Ɗanɗanon ƙasa” na da harshen damo, domin ƙasa na iya nufin turɓaya ko ƙasar mulki. “Asali” kuma ya tsaya ga inda abu ya fito, bai taɓo abin da ya ɗauko ba. Karin maganar nan, “albasa ba ta yi halin ruwa ba”, ta nuna cewa Bahaushe na tsammanin tsiro ya ɗauki halin abin da ya raine shi, har yana mamaki idan ya saɓa. Saboda haka maƙalar ta zaɓi “halin wuri”.

5.0 Kammalawa

Pinot noir ya nuna cewa iri ba ya rabuwa da wurin da ya tashi, Hausa kuma ta daɗe da sanin haka a sunayen kayanta. Abin da ya rage ga manazarta shi ne tattara irin waɗannan sunaye daga kasuwannin Kano da Maraɗi da Zariya, a gwada “halin wuri” a bakin manoma da dillalai, a ga ko za ta zauna.