Darasi: Yadda Jirgin Yaƙi Mai Mita 57 Ke Komawa Tsawon Ɗan Yatsa

Darasinmu na wannan mako ya haɗa tarihi da lissafi. A Turai da Amurka akwai masu sha'awar tara ƙananan jiragen ruwa na ƙarfe ko na roba, irin na zamanin da iska ce ke tura jirgi, ba inji ba. Sukan yi musu fenti, su ɗaura musu zare a madadin igiyoyi, su jera su a kan tebur mai shuɗin ƙyalle, su sake buga yaƙoƙin da aka yi a teku shekaru fiye da 200 da suka wuce.

Yaƙin da suka fi so shi ne na Tarafalga, wanda aka gwabza ranar 21 ga Oktoba, 1805, kusa da gaɓar Sifen. Jiragen Birtaniya 27 ƙarƙashin Admiral Nelson sun kara da jiragen Faransa da Sifen 33. Birtaniya ta yi nasara ba tare da ta rasa jirgi ko ɗaya ba, amma Nelson ya rasa ransa. Jirginsa, Victory, yana nan har yau a birnin Portsmouth.

Abu na farko da mai tarawa zai tsai da shi ne ma'auni. Idan an rubuta 1:1200, ma'anarsa santimita 1 a tebur tana wakiltar santimita 1,200 a zahiri. Mu gwada da Victory. Tsawon benen da igwoginsa suke kusan mita 57 ne, wato santimita 5,700. Raba da 1,200, za ka samu 4.75. Ke nan ƙaton jirgi mai igwa 104 bai kai tsawon ɗan yatsanka ba. A ma'aunin 1:700 kuwa, zai ɗan haura santimita 8. Wanda ya saya barkatai ba tare da duba wannan lamba ba, zai tarar ƙaramin jirgin leƙen asiri ya fi jirgin admiral girma, kuɗinsa kuma sun tafi a banza.

Abu na biyu shi ne sanin irin jiragen da za a tara. Sabon shiga yakan ruɗu da manya masu bene uku. Amma cikin jiragen Nelson 27, uku kacal ne ke da igwa 100 ko fiye. Masu igwa 74 su ne suka fi yawa a rundunonin lokacin. Mai son teburinsa ya yi kama da gaskiya, da su zai fara.

Abu na uku shi ne iska. Kafin a motsa jirgi, sai an ajiye kibiya a gefen tebur da ke nuna inda take kaɗawa. Waɗannan jirage ba sa iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai su yi ta karkata hagu da dama. A ranar Tarafalga iskar ba ta da ƙarfi, don haka jiragen Nelson da ke gaba suka daɗe suna shan wuta kafin su isa su tsinka layin abokan gaba. Ɗan wasan da ya manta da kibiyar nan, jiragensa za su tsaya cik ana ɓarin wuta a kansu.

Ba sai ka sayi komai ba kafin ka gwada. Kwali, tsinken tsintsiya da farar takarda sun isa, muddin ka auna daidai.

Aikin gida: jirgi mai tsawon mita 48, santimita nawa zai zama a ma'aunin 1:1200? A miƙa amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.