Me Ya Sa Birkin Motata Ke Ƙara?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya rubuto yana tambaya: da ya taka birki sai ya ji ƙara tsiii, shin akwai haɗari?

To Malam, sannu da ƙoƙari. Yawancin fad ɗin birki na da ɗan ƙarfe a gefe, wanda aka sa musamman don ya riƙa gogar faifai idan fad ya cinye. Wannan ƙarar gargaɗi ce. In kuwa ta koma gurnani, to ƙarfe ne ke cin ƙarfe, faifan ma ya fara lalacewa, kuɗin gyara zai ninka.

Ka je gareji, ka sa bakanike ya kwance taya a gabanka. Sabon fad kan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. Da ya sauko 3, a canza shi. Kuma don Allah kada ka yarda a canza gefe ɗaya saboda tsimi, hagu da dama tare ake yi, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga.

Idan feda na nutsewa, a duba yoyon man birki, a fitar da iska. Bayan gyara, ka tattaka feda har ta yi tauri kafin ka tayar.